Sorin Majok

Na sauka a tashar Suk al-Shabi ta Hartum da hantsi, ƙafafuna a kumbure saboda zaman bayan babbar mota tun daga Niyala. A lokacin sojoji sun ɗan jima da karɓar ƙasar, mutane sun saba rage murya in za su yi zancensu. Ni dai Makka na nufa. Sunana Isuhu, magini ne ni daga ƙasar Haɗeja, na haura arba'in. Larabcina na salla ne kawai. Turanci kuwa sai ɗan abin da na tsinta sa'ad da na yi gadi a Kaduna: kam, go, tankiyu, sori.

Mutumin da ya fara yi mini Hausa a tashar shi ne ya cuce ni. Fari ne siriri, da carbi a hannu. Ya ce, "Ɗan'uwa, daga wace ƙasa?" Na yi makonni ina yawo kamar kurma, da na ji Hausa sai na saki jiki. Ya ce aikinsa ke nan, sa maniyyata a jirgin ruwa a Sawakin. Ya zaunar da ni wurin wata mai shayi, ya saya mini kofi ɗaya, ya karɓi fasfona da guzurina zai kai a buga hatimi. Na zauna har inuwa ta juya. Da la'asar sakaliya mai shayin ta fara haɗa kujerunta, ta dube ni ta ce, "Malesh, ya hajj." Kalmar Sudan ta farko da na koya ke nan, kuma ban nemi tafinta ba. A can duk mai furfura hajji ne. Ni kaɗai na san ban je ba.

Ita ce ta ja hannun rigata ta sa ni a motar Umdurman, ta yi wa kwandasta bayani, ta biya. Har yau ban san sunanta ba.

A Kasuwar Umdurman aka yi ta miƙa ni daga rumfa zuwa rumfa har aka kai ni wurin Haj Usman tela. Dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare. A nan aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Bai tsai da keken ɗinkinsa ba har na gama labarina.

"Fasfon ka ba shi? Da hannunka?"

"Da hannuna."

"Ya salam. To ka biya kuɗin shiga gari. Zauna ka ci ful." Ya turo mini kwanon dafaffen wake.

A shagon na yi ta kwana a kan tarin ƙyalle. Ya ce ubansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina zai je Makka, ya tsaya noman auduga na shekara ɗaya, ga kabarinsa nan a Umdurman. Ya kuma gaya mini gaskiya: tsakanin Hartum da bakin teku shingen soja ne bayan shinge, marar takarda ba ya wucewa. Amma akwai wani hafsa da yake ɗinka wa jallabiya shekara da shekaru.

"Da zai aurar da 'yarsa ni na ɗinka kayan gidan kaf, na ƙi karɓar komai. Ya ce, ya Usman, ran da ka ga buƙata ka zo. Har yau ban je ba. Irin wannan ƙofa sau ɗaya ake buga ta, ya Isuhu. In ka buga na biyu ka zama maroƙi, sai a aiko a ce ba ya nan. 'Ya'yana duk mata ne, suna ɗakunansu, ban ga abin da zan nema ba. Je ka yi aiki ka tara kuɗin jirgi. Ran da ka shirya sai in buga maka ita, ya ba ka takardar wucewa."

Na ce don me zai yi mini haka alhali bai san ni ba.

"Ba don kai ba ne. In ka isa, ka yi wa ubana ɗawafi. Ni gwiwa ta hana."

Aikin da aka samo mini a Aljirif yake, bakin kogi, inda ake buga jan bulo. Na ɗauka tunda magini ne ni na san ƙasa. Ban san wannan ba. Ana haƙa rami a gaɓa, a kwaɓa laka da kashin dabbobi, a bar ta ta kwana. Da sassafe mutum ɗaya ya shiga ramin yana tattakawa yana cicciɓo kwaɓin zuwa sama, ɗayan yana tsugune a fili yana cusa shi a akwatin bulo yana jerawa a rana. In sun bushe a tara su a kamina, wato tsibin da ake ba wuta. Na fili gajiya yake yi. Na rami mutuwa yake yi a hankali: laka har gwiwa, baya a lanƙwashe, ƙafa ta tsage ta ƙi warkewa saboda kashin. Don haka ƙa'idar wurin ita ce yau kai, gobe abokinka. Na ga manyan mutane sun yi dambe a kan kwana ɗaya na rami.

Abokin da mai kamina ya haɗa ni da shi sunansa Majok. Mutumin Kudu ne, Kirista, baƙi wuluk, da tsage a goshi, dogo har sai na ɗaga kai. Yaƙi ne ya koro shi. Ya yi makarantar mishan kafin ta watse, yana da Turanci, Larabcinsa kuma irin na Kudu ne da Larabawa ke yi wa dariya. Da farko ban so ba. Na tambayi mai kamina ko babu Musulmi a wurin. Ya ce akwai, amma ba wanda zai ɗauki tsoho.

Ranar farko ni aka sa a rami. Kafin azahar na zame na faɗi zaune cikin kwaɓin. Na ɗaga kai sai ga shi a baki yana miƙo mini hannu. Ya ce, "Sori." Tun da na shigo ƙasar ban ji kalmar da na sani a bakin wanda ba Bahaushe ba sai wannan.

Daga nan na lura bakinsa ba ya rabuwa da ita. In ya taka ni, sori. In ni na taka shi, sori. In na yi tari, sori. In bulo ya fashe a hannunsa, sai ya ce wa bulon sori. Zai ratsa tsakanin mutum biyu, sori. Bai ji abin da ka ce ba, sori, da ɗaga gira. Mai kamina ya zage shi, nan ma sori, amma da wata murya wadda in ka san shi ka san ramawa ya yi. Ran da wani ɗalibi ɗan garinmu ya zo da saƙon yayata ta rasu a gida, Majok ya zauna gefena a kan bulo har rana ta faɗi, ya ƙi cin abinci, ya ce sori sau ɗaya a hankali.

Da Larabcinmu ya ɗan yi kauri na tare shi da zancen, muna cin ful a kwano ɗaya.

"Kai, wannan sorin naka guda nawa ne? Mu a Hausa kowane aiki da kayansa. In mutum ya gaji ko ya ji ciwo, sannu. In ka yi masa laifi, yi haƙuri. In za ka wuce, gafara. In mutuwa ce, Allah ya jiƙan rai. Ku Bature ya ba ku fartanya ɗaya, da ita kuke noma, da ita kuke haƙa kabari."

Ya yi dariya har ya ƙware. "Su fa masu malesh? Mota ta buge ka, malesh. Burodi ya ƙare kana kan layi, malesh. An ƙone garinku, malesh."

"Su ma talaucin baki ne."

"Ammu Isuhu, ba kalmar ake ji ba, tsawonta ake ji. Akwai gajere, akwai dogo."

"Kamar ni da kai."

"Haka."

"To na bulon fa?"

"Wannan na gaskiya ne. Shi bai yi mini komai ba."

Ammu yake ce mini, wato baffa, ni kuma ina ce masa Dogo. Duk da haka ba ya ɗaga mini ƙafa a kan rami. In kwanana ne, ko da bayana na ciwo, sai ya nuna ramin da leɓe ya ce, "Sori, ammu, yau naka ne." Na ce masa a cikin sorinsa duka wannan ne maƙaryaci.

Haka muka yi ta yi. In kogi ya kawo ruwa ya cinye ramukan sai aiki ya tsaya, in koma Umdurman in yi dako a kasuwa har ya janye. Akwai wata tsohuwa Bahaushiya mai sayar da kuka da daddawa a bayan layin masu kayan yaji. Nakan tsaya kusa da tirenta ba don in saya ba, don warin kawai. Ta gane ni. Ba ta taɓa kora ta ba.

A rani na uku kuɗin jirgi ya cika. Na gaya wa Haj Usman, ya ce bayan Juma'a mai zuwa zai je gidan hafsa. Ya sauko da farin yadi ya yanka mini harami da hannunsa, ya ninke ya ajiye a kan kanta.

Ran Alhamis muka tashi aiki da wuri. Kowace Alhamis tare muke shiga mota, shi ya wuce wurin matarsa a bayan Umdurman, ni in sauka kasuwa. Yana riƙe da leda, a ciki sukari ne da man girki da 'yan takalman roba na 'yarsa. A bakin gada aka tsai da motar. Kasha ce, wato kamen samari da sojoji ke yi a kai su horo, daga nan a tura su yaƙin Kudu. Biyu suka shigo suna duba fuskoki suna neman katin shaida. Ɗaya ya dubi gemuna ya ce, "Zauna, ya hajj." Ya dubi Majok ya ce ya sauka.

Majok ne a gefen taga, dole ya tsallake ni. Ya ajiye ledar a cinyata. Garin fita ya taka mini yatsa, ya ce, "Sori." Gajere. Aka loda su a wata babbar mota mai tamfol. Tamu ta tashi. Wani a baya ya ce malesh, ban san wa yake gaya wa ba.

Ban taɓa zuwa gidansa ba. Na bi kwatancen da yakan yi a hira: ƙarshen layin mota, sai tafiyar ƙafa cikin fili, sai bukkokin buhu da kwali kusa da inda masu jakuna ke sayar da ruwa. Na yi ta tambayar gidan Majok dogo ana yi mini dariya, don rabin unguwar Majok ne kuma duk dogaye. Sai da na ce na kamina, sannan wata mata ta tafa hannu ta ce, "Ammu!" Ashe an san labarina a can.

Matarsa sunanta Acol. Ta shimfiɗa mini buhu, ta kawo ruwa. Ni kuma na yi yadda aka koya mini a gida. Mu ba ma faɗin mugun labari a tsaye. Na zauna, na ja gaisuwa, na tambayi yarinya, na sunkuyar da kai, na tura ledar gabanta a hankali, na ce komai na Allah ne, ɗan Adam sai haƙuri. Ta dubi ledar, ta dubi kaina a sunkuye, ta ɗora hannu biyu a ka ta kurma ihu, ta zube ƙasa. Mata suka fito daga ko'ina suna taya ta. Yarinyar ta riƙe takalman tana kallonmu. Sai da na miƙe ina ɗaga murya da Larabcina na rami, yana da rai, yana da rai, kasha ce, sannan kukan ya tsaya. Wata tsohuwa ta zage ni da yarensu. Ban ji ba, amma na gane.

Acol ta share fuska ta ce, "Ammu, ai da ka faɗa tun daga bakin ƙofa."

Sannan ta ce ƙannen Majok suna daji tare da 'yan tawaye. "Za su kai shi garinmu ya harbi 'yan'uwansa. Ko su su harbe shi."

Na ce mata sori. Shi ne ya zo bakina, na Hausa duk ba za ta ji su ba. Ta gyaɗa kai.

Bayan sallar Juma'a na gaya wa Haj Usman. Labari na ba shi, ban roƙi komai ba. Ya ci gaba da taka keke. Ya ce waɗanda aka kama ana tara su a wani sansani a bayan gari na 'yan kwanaki kafin a rarraba su, kuma in an rarraba ko hafsa ba ya iya dawo da mutum. Haramin yana nan a kan kanta inda ya ajiye shi.

Can ya tsai da keken.

"Gobe zan je gidan mutumin. Magana ɗaya zan faɗa. Wacce?"

"Ba za ka faɗi biyu ba?"

"Na gaya maka tun ranar farko."

"Ƙofarka ce, Haj. Ka zaɓa."

"La, la. Na ba ka ita. Kada ka sauke mini kayanka a ka."

"Ubanka fa?"

"Ubana ya saba jira."

Ba zan ce na yi wani dogon tunanin lada ba. Makka nake so, ita ta fito da ni daga gida, ita ta sa na bar iyali ga ƙanena, kuma na san gwiwata ma ta fara irin ta Haj Usman. Abin da ya tsaya mini shi ne Acol da hannu biyu a ka. Na riga na ga yadda za ta yi ran da labarin ya zama gaskiya. Sauran mutane ba sa ganin wannan sai bayan ya faru, ni garin ladabina na gan shi tun kafin.

Na ce, "A fito da Dogo." Na faɗa da sauri don kada bakina ya canza.

"Zai tambaye ni mene ne haɗina da Kirista ɗan Kudu. Me zan ce?"

"Ka ce abokin ramina ne."

"Wannan ba dangantaka ba ce a wurin soja."

"To ka ce shi ke ciyar da baƙonka. Ba ƙarya ba ce, in ba shi ba wanda zai yi aiki da ni."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ɗauki haramin ya sa a ƙarƙashin kanta. "Malesh, ya Isuhu."

Na ce don Allah ya rabu da ni da malesh ɗin nan.

Washegari ya sa jallabiyarsa ta Idi ya tafi. Da ya dawo ya ce hafsan ya saurare shi, ya tambayi sunan, ya ce an gama. "Amma bai rako ni ƙofa ba. Ka gane." Na gane.

Na koma Aljirif. Mai kamina ya haɗa ni da wani Bafillace mai ƙorafi kafin a ga abin da zai faru. Na ji an sako Majok, na kuma ji Acol ta je shago yin godiya, kuma tela ba ya riƙe magana, ya zayyana mata komai har da haramin.

Wata rana da sassafe Majok ya zo. Ranar kwanana ne, har na riga na shiga rami. Ya tsaya a baki, kansa aske ƙwal, ya rame, leɓensa a fashe. Na jira sorin. Na san zai zo, kuma dogo, har na shirya amsa: ya riƙe abinsa, ba ya buɗe shingen soja. Bai ce ba. Ya cire riga, ya sauko cikin laka, ya karɓi shebur daga hannuna.

"Fita."

"Yau nawa ne."

"Fita, ammu."

Na fita. Washegari kafin in gama alwala yana ciki. Jibi ma haka. Na ce, "Kai Dogo, ƙa'ida fa? Mutane za su ce tsoho ya samu bawa." Ya ce wanda ke son ƙa'ida ya sauko ya same shi a ciki. Ba wanda ya sauko.

Makka dai ban je ba. Na gwada hanyar teku sau ɗaya ba takarda, aka juyo da ni daga shinge na biyu. Kuɗin jirgin ya bi ciki da magani a hankali, abin da ya rage na hau mota da shi na dawo gida bayan wasu shekaru. A garinmu ba wanda ke ce mini hajji, kuma ya fi mini.

Har na bar Aljirif ban sake shiga rami ba. Kogi ya kawo, ya janye, ya sake kawowa, Majok yana ciki. Ya ci gaba da ce wa kowa sori, ni in na yi tari, mai kamina in ya yi zagi, bulo in ya fashe wurin lodi. A kan wancan zancen kuwa bai taɓa ce mini shi ba, gajere ko dogo. Tankiyu ma bai ce ba.

Ƙafafuna a shekarar suka warke.